Tarihin Wasan She Loves Me a Kan Dandamali

Tambaya: Malam, na kalli fim ɗin You've Got Mail na Tom Hanks da Meg Ryan, sai wani abokina ya ce mini ai labarin tsoho ne, har akwai wasan dandamali na kiɗa da waƙa mai suna She Loves Me da aka gina a kansa. Ya kuma ce da aka fara nuna wasan bai yi kasuwa ba, amma yau masana suna lissafa shi cikin mafi kyawun irinsa. Ina neman ƙarin bayani a kan tarihinsa, da yadda abin da ya faɗi a kasuwa ya zo ya sami wannan daraja.

Amsa: Abokin naka ya faɗi gaskiya, sai dai akwai gyara guda ɗaya. Wasan ya girmi fim ɗin da shekara 35, kuma dukansu tsatsonsu ɗaya ne, wato wani wasan kwaikwayo da Miklós László ya rubuta da harshen Hangari, aka fara nuna shi a birnin Budapest a 1937. A ƙasashen waje an san shi da suna Parfumerie, domin kusan duk abin da ke faruwa a cikinsa a shagon turare yake faruwa. László Bayahude ne, ya bar ƙasarsa zuwa Amurka a 1938 lokacin da Turai ta fara yi wa irinsu zafi, ya rasu a New York a 1973. Masu fim sun ɗauki labarinsa har sau uku. Ernst Lubitsch ya yi The Shop Around the Corner a 1940 da James Stewart da Margaret Sullavan, ya bar labarin a Budapest amma ya mai da shagon na jakunkuna da kayan tsaraba. A 1949 aka kai shi Chicago, cikin kantin kayan kiɗa, da Judy Garland da Van Johnson. Wanda ka gani na 1998 shi ne na uku, inda darakta Nora Ephron ta sauya wasiƙar gidan waya da saƙon intanet, ta kuma raɗa wa ƙaramin shagon littattafan Meg Ryan sunan fim ɗin Lubitsch don girmamawa.

She Loves Me ya mayar da labarin shagon turarensa na asali, a cikin shekarun 1930. Georg Nowack shi ne babban yaron shagon Maraczek, ya daɗe yana hidima. Wata rana wata budurwa, Amalia Balash, ta shigo neman aiki, aka ce mata babu gurbi, sai ta ɗauki wani akwatin taba mai kiɗa da ya ƙi sayuwa, ta shawo kan wata mata ta saye shi a matsayin akwatin alewa wanda kiɗansa zai riƙa tunatar da ita ta rage zari, nan take mai shago ya ɗauke ta. Tun daga ranar ita da Georg ba sa ga maciji da juna. Abin da ba su sani ba shi ne, kowannensu yana musayar wasiƙun soyayya da wani wanda bai taɓa gani ba, wanda suka haɗu ta shafin masu neman abokin zama a jarida, kuma ashe junansu suke rubuta wa. A gefe guda akwai Ilona mai karɓar kuɗi, wadda Kodaly mai daɗin baki yake yaudara, akwai Sipos mai iyali wanda babban burinsa kada a kore shi, akwai Arpad ɗan aike mai keke da ke mafarkin zama mai sayarwa, sannan ga shi kansa Maraczek, wanda wasiƙar da ba a sa hannu ba ta sa ya zargi Georg da neman matarsa, alhali Kodaly ne mai laifin. Manyan 'yan wasan ke nan, su bakwai, sai shugaban masu hidima na wani gidan shan gahawa da ke fitowa a fage ɗaya, da 'yan mata masu sayayya. Ka riƙe wannan ƙanƙanta a ranka, domin ita ce ta kayar da wasan, ita ce kuma daga baya ta raya shi.

Waɗanda suka tsara shi ba baƙi ba ne a harkar. Jerry Bock ya yi kiɗa, Sheldon Harnick ya rubuta baitoci, kuma su biyun sun riga sun yi suna da Fiorello! na 1959, wanda ya ci lambar Pulitzer, babbar lambar yabo ta rubuce-rubuce a Amurka. Joe Masteroff ya rubuta labarin da hirarrakin. Harold Prince, wanda a lokacin aka fi sani da tara jari da shirya manyan wasanni irin su West Side Story, shi ya ba da umarni, kuma wannan ne wasan kiɗa na farko da ya jagoranta tun daga tushe a Broadway, wato cibiyar manyan zaurukan wasan kwaikwayo ta New York. Barbara Cook ta fito a Amalia, tana da lambar Tony, wato babbar lambar yabo ta wasannin Broadway, a hannu daga wasan The Music Man, Daniel Massey ɗan Ingila ya fito a Georg, Jack Cassidy kuma a Kodaly.

Abin da suka yi da labarin shi ne ya kamata a tsaya a kai. Mu da muka saba da finafinan Indiya da na Kano mun san waƙa a matsayin hutu: labari ya tsaya, masoya su sauya kaya su yi rawa, sannan a dawo inda aka tsaya. Yawancin wasannin Broadway na wancan zamani ma suna da wani abu makamancin haka, wato manyan raye-raye da taron mawaƙa masu cika dandamali. Bock da Harnick sun bi wata hanya dabam. Sun rubuta waƙoƙi sama da 20, da yawansu gajeru, kuma suka saƙa su cikin aikin shagon kansa. Duk sa'ad da mai sayayya za ta fita, ma'aikatan suna haɗa murya su rera mata 'yar godiya, a ce ta sake dawowa, kullum da kalmomi iri ɗaya, har ɗan kallo ya haddace. A wata waƙar kuma masu sayarwa uku suna magana da mata uku lokaci guda, kunne yana tsintar rabin maganar wannan ya haɗa da rabin ta wancan, sai ma'anar ta fito a birkice, a yi dariya. Kusa da ƙarshe, da Kirsimeti ta matso, aka ɗauki wannan 'yar godiyar ana ƙara mata sauri, kwanaki suna raguwa, masu sayayya suna turereniya, har ladabin ya koma haki.

Fagen da ya fi shahara yana cikin kashi na biyu. A daren jiya Amalia ta zauna a gidan shan gahawa da littafin Anna Karenina da furen wardi a ciki, alamar da suka yi alkawari da masoyin wasiƙa. Georg ya leƙo, ya gane ita ce, ya kasa bayyana kansa, ya zauna ya tsokane ta har suka rabu baram-baram. Da safe ta ƙi zuwa aiki don baƙin ciki, sai ga shi ya zo dubiya da askirim a hannu. Bayan ya tafi ta zauna za ta rubuta wa masoyin nata wasiƙar ban haƙuri, amma duk layi biyu sai hankalinta ya koma kan askirim ɗin da kan wanda ya kawo shi, kiɗan yana sauyawa daga nutsuwar wasiƙa zuwa rawar kai, ta dawo, ta sake zamewa, ta ƙare da wata murya can sama wadda mawaƙa mata suke auna ƙwarewarsu da ita har yau. Cikin minti uku ɗan kallo ya ga mace ta kamu da son mutum tun kafin ita ta sani. Idan aka cire waƙar, labarin ya sami giɓi, kuma wannan shi ne ma'aunin da masana suke amfani da shi idan suna yabon wasan.

An buɗe shi ranar 23 ga Afrilu 1963 a zauren Eugene O'Neill da ke New York. Masu sharhi a jaridu sun yaba, amma aka rufe ranar 11 ga Janairu 1964 bayan an nuna shi sau 300 da ɗan ɗoriya, bai kuma mayar da jarin da aka zuba ba. Domin gane dalili sai an san yadda Broadway take aiki. Kowane mako ana nuna wasa sau 8, kuma kowane mako akwai kuɗin hayar zaure, da albashin 'yan wasa, da makaɗa, da masu fitila da masu jan labule, ko an cika ko ba a cika ba. Abin da ya rage bayan an biya waɗannan shi ake mayar wa masu jari. Zauren O'Neill kujerunsa sun ɗan haura 1,000 ne kawai, wanda ya dace da yanayin wasan amma ya taƙaita abin da za a iya samu ko da an cika maƙil, ga kuma cikakkiyar ƙungiyar makaɗa da ake biya. Sannan babban ɓangare na 'yan kallon wancan lokaci ƙungiyoyi ne masu sayen tikiti a dunƙule da baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda suke son idan sun biya kuɗi mai yawa su ga abin da zai cika ido: tauraruwa, da matakala, da jerin 'yan rawa, da waƙa ɗaya da za su fita suna rerawa. She Loves Me ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Waƙoƙinsa sun manne da labarin sosai, har ba su da sauƙin cirewa a saka a rediyo, kuma a wancan zamani rediyo tana cikin manyan hanyoyin tallar da ke jawo mutane.

Kwana 5 bayan an rufe shi aka buɗe Hello, Dolly! wanda yake da duk abin da na lissafa, ya kuma yi wasa sau 2,844. A bikin Tony na 1964 an sa She Loves Me cikin masu neman lambar wasan kiɗa mafi kyau, tare da Funny Girl da High Spirits, amma Hello, Dolly! ya kwashe lambobi 10, Jack Cassidy kaɗai ya tsira da tasa ta mataimakin jarumi. Su kansu marubutan ba su daɗe suna jimami ba, domin a watan Satumba na shekarar Bock da Harnick suka fito da Fiddler on the Roof, Prince yana mai shiryawa, wanda ya yi wasa sau 3,242. Wannan gagarumar nasara ta ƙara binne ɗan'uwansa. An gwada shi a Landan, a zauren Lyric, daga ƙarshen Afrilu 1964, da Anne Rogers da Gary Raymond, Rita Moreno kuma a Ilona, ya yi sau 189 ya rufe.

Abin da ya hana shi ɓacewa faifai ne. Al'adar lokacin ita ce a matse waƙoƙin wasa cikin faifan garmaho ɗaya, a yar da abin da bai shiga ba. Kamfanin MGM ya fitar da na She Loves Me a faifai biyu, kusan dukan waƙoƙin a jere yadda suke a dandamali, har ya ci lambar Grammy ta fitattun faya-fayan kiɗa. Da yake waƙoƙin ne ke ɗauke da labarin, wanda ya saurari faifan daga farko zuwa ƙarshe kamar ya kalli wasan ne da kunne. Siffar da ta hana waƙoƙin shiga rediyo ita ta sa faifan ya zama cikakken abu mai tsayuwa da kansa. Shekara da shekaru yana yawo a hannun ɗaliban wasan kwaikwayo da mawaƙa da daraktocin ƙananan zaurukan jihohi, waɗanda suka lura cewa wasa mai manyan 'yan wasa bakwai da shago ɗaya abu ne da aljihunsu zai iya ɗauka. Barbara Cook ma ta taimaka. Da ta koma rera waƙa ita kaɗai, a babban taron da ta yi a Carnegie Hall a 1975, ta saka waƙoƙin Amalia, ta ci gaba da rera ta askirim ɗin har tsufanta. A 1977 an rera wasan a Town Hall na New York ba tare da kayan ado ba, da Madeline Kahn da Barry Bostwick, a 1978 kuma BBC ta yi shi a talabijin da Gemma Craven da Robin Ellis.

Duk da haka sai da ya shekara 30 kafin ya koma Broadway, kuma hanyar da ya bi ta komawa tana da muhimmanci. Kamfanin Roundabout ne ya ɗauke shi, wanda ba na neman riba ba ne, yana da masu rajista da suke biyan kuɗin kakar wasanni gaba ɗaya tun kafin a fara, yana kuma samun gudummawa. Irin wannan kamfani yana iya gwada abin da ɗan kasuwa zai ji tsoro. She Loves Me ne wasan kiɗa na farko da suka taɓa yi a Broadway, suka ba wani matashin darakta, Scott Ellis, Rob Marshall kuma ya tsara rawa. An buɗe a watan Yuni 1993 a ƙaramin zaurensu na Criterion mai kujeru kusan 500, inda ɗan kallo yake ganin motsin girar ɗan wasa. Boyd Gaines ya fito a Georg, Judy Kuhn a Amalia. Mutane suka yi ta tururuwa, aka mai da shi zauren Brooks Atkinson a watan Oktoba, ya ci gaba har Yuni 1994, jimillar nunin ta haura 350, wato ta zarce ta asali. Gaines ya ci Tony na jarumi, amma lambar wasan da aka farfaɗo da shi ta tafi ga wani wasan mai suna Carousel. Ellis ya ɗan rage wasan, alal misali wata waƙar tango da Georg yake rerawa a gidan gahawa ta koma kiɗa zalla, kuma wannan tsarin na 1993 shi yawancin masu shirya wasan suke bi yanzu.

Landan ce ta biya shi bashin da yake bi. A watan Yuli 1994 Ellis ya kai shi zauren Savoy da John Gordon Sinclair da Ruthie Henshall da Tracie Bennett, ya yi kusan shekara guda, ya kuma ci lambobin Olivier 5, wato takwarar Tony a Landan, ciki har da na wasan da aka farfaɗo da shi, da na darakta, da na jarumi da jaruma. Birnin da ya ba shi wata shida a 1964 shi ne ya ɗora shi a kai bayan shekara 30, ba tare da an sauya wani abin kirki a rubutun ba. Abin da ya sauya shi ne kunnen 'yan kallo. A tsakanin shekarun nan an sami wasannin marubucin kiɗa da waƙa Stephen Sondheim, waɗanda Prince ɗin nan ya ba da umarnin da yawansu a shekarun 1970, suka koya wa jama'a sauraron waƙa a matsayin tunanin mutum. Sannan shekarun 1980 sun cika dandamali da injina da manyan kayan kallo har wasu suka ƙoshi, suka fara marmarin labarin talakawa masu tsoron rasa aiki.

Dawowarsa ta biyu Broadway ita ce ta 2016, Roundabout suna bikin cika shekara 50, suka sake kiran Ellis. An buɗe ranar 17 ga Maris a Studio 54, tsohon gidan rawar nan da aka mayar zauren wasa, da Laura Benanti da Zachary Levi da Jane Krakowski da Gavin Creel. David Rockwell ya gina shagon yadda daga waje ake ganinsa a rufe a bakin titi, sai bangayen su buɗe su juya, a ga kantoci da ɗaruruwan kwalaben turare suna ƙyalli. An sa wasan a takarar Tony 8, amma shekarar da wasan Hamilton ya mamaye bikin ce, sai lambar Rockwell kaɗai aka samu. Ranar 30 ga Yuni 2016 kamfanin BroadwayHD ya watsa shi kai tsaye ta intanet, kuma shi ne wasan Broadway na farko da aka taɓa yi wa haka, har kundin Guinness ya rubuta. Bock ya riga ya rasu a 2010, amma Harnick da Masteroff, dukansu sun haura shekara 90, sun ga wannan da idonsu. A ƙarshen shekarar kuma ƙaramin zauren Menier da ke Landan ya yi nasa.

Ba zan ce wasan ba shi da wurin tuntuɓe ba. Akwai guda biyu da kowane darakta yake fama da su. Na farko, a ƙarshen wani fage Maraczek, da ya gane amanar da aka ci masa da zaluncin da ya yi wa Georg, ya ɗauki bindiga zai kashe kansa, Arpad ya shigo ya sa harbin ya kauce. Daga nan kai tsaye ake shiga fagen gidan gahawa mai barkwanci. Daraktan da ya ji kunyar harbin ya yi sauri ya wuce shi, sai wasan ya koma alewa zalla, wanda ya nauyaya shi kuma sai dariyar da ke biye ta ƙi fitowa. A ganina harbin ne yake ba sauran labarin nauyi, domin yana nuna abin da kaɗaici yake iya yi wa mutum, kuma kaɗaicin nan shi ya sa Georg da Amalia suke rubuta wa baƙo wasiƙa. Na biyu, Georg ya san gaskiya tun tsakiyar wasa, ya ɓoye wa Amalia har daren Kirsimeti, har ma ya yi mata ƙaryar cewa ya ga masoyin nata, tsoho ne mai sanƙo da ƙiba. Idan ɗan wasan ya yi wannan da gadara, ɗan kallon yau zai ga mugunta. Sai an ga tsoro a fuskarsa, tsoron cewa idan ta san shi ne za ta ƙi shi, kafin a yafe masa.

Akwai kuma abin da wasan bai faɗa ba sam. Budapest ce ta shekarun 1930, marubucin asali ya gudu daga cikinta, amma babu siyasa ko ɗigo a shagon Maraczek. Wasu suna ganin wannan nakasa ce. Ni ban ɗauke ta haka ba, musamman idan aka tuna cewa Masteroff da Prince, shekara 3 bayan haka, sun yi Cabaret, wanda ya dubi Berlin ta gab da hawan 'yan Nazi ido cikin ido. Mutanen sun san abin da ke tafe a wancan zamani, zaɓa suka yi su tsaya a kan damuwar ma'aikacin shago, wato albashi, da mai gida mai saurin fushi, da wanda zai jira shi bayan an rufe ƙofa.

Idan kana son ka gani da kanka, ɗaukar 2016 ita ce mafi sauƙin samu, domin bayan watsawar an nuna ta a sinima da tashar PBS ta Amurka, kuma cikakken wasan ne da 'yan kallo a zaune. Bayan ka gan ta, ka nemi faifan 1963 ka ji muryar Barbara Cook, wadda da ita aka fara rera waƙoƙin, ka kuma ji waƙar tangon da aka cire. Fim ɗin Lubitsch na 1940 shi ne ya fi kusa da wasan a ruhi, ya fi wanda ka kalla nesa ba kusa ba, domin a You've Got Mail jarumin hamshaƙin ɗan kasuwa ne da ya durƙusar da shagon jarumar, alhali a wajen László da Lubitsch da Masteroff su biyun ma'aikata ne a ƙarƙashin mai gida ɗaya, kowa yana jiran albashin ƙarshen wata.